Tela da Fedar Jitar Firit

"…lafiya lau, sai dai ganinki da ya ɓata min safiya," Tela ya ce, ko kai bai ɗago daga keken ɗinki ba.

"Ai haka bawa yake ji in ya hango uwargijiyarsa," Firit ta ce. "Ya aiki, ya ƙarya? Mutum nawa ka ce wa su dawo gobe?"

"Ke ce ta farko."

"Ina Gwaggo?"

"Tana gida tana istigfari, wai ita ce ta yi miki wankan jarirai ba ta bar ki a cikin bahon ba."

Ni ina kan bencina a bakin ƙofa, ba kowa a kujerar askina. Shagona da na Tela bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma na katako ne, ko allura ta faɗi a can sai na ji ta. Su biyun nan taubasai ne, uwar Tela ƙanwar mahaifin Firit ce. Tun da na san su ban taɓa jin ɗaya ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba, ban kuma taɓa ganin rana ta faɗi ba su nemi juna ba. Ƙungiyar kiɗansu ɗaya, wadda Mai Ganga yake shugabanta. Tela ne mai jitar gaba. In mawaƙi ya yi shiru a tsakiyar waƙa aka bar jita ta yi magana ita kaɗai, to wannan wurin na Tela ne tun ranar da aka kafa ƙungiyar. Firit mai kitso ce a tsallaken titi, a ƙungiya kuma tana baya tana rakiya, riƙon jitar ma shi ya koya mata. Sai ga sabuwar waƙa. Mai Ganga ya ce shi a wannan karon ba ya son jita mai muryar amarya, mai kaushi yake so, mai gurnani, kuma a gwajin yammacin ranar zai saurare su su biyun ya zaɓi wanda zai riƙe tsakiyar waƙar. Duk layinmu an san da wannan magana, don ni na gaya musu.

Firit ta sauke jitarta daga kafaɗa, ta ture yadin wani bawan Allah gefe, ta ajiye wani abu a kan teburin yanka. Ɗan akwatin ƙarfe ne ruwan lemo, bai fi sabulun wanki girma ba. Yana da maɓallai uku na murɗawa irin na rediyo, da wani faffaɗa a ƙasa na takawa da ƙafa.

"Gaishe ta," ta ce.

"In gaida wa?"

"Wadda za ta gaje ka. Feda ce. A jona jita a nan, a taka nan, sai muryar jita ta koma ta zaki. Yayana na jirgin ruwa ne ya aiko min."

A nan ne keken ɗinki ya tsaya.

"Ya aiko miki," Tela ya ce. "Ni fa?"

"Ya ce a gaishe ka."

"Gaisuwa! Ni da na ɗinka masa wandon da ya je neman aikin jirgin da shi?"

"Wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Ai shi ya sa aka ɗauke shi. Suka ce wannan ya riga ya iya tafiyar cikin jirgi."

Tela ya miƙa hannu kamar ba ya so, ya ɗauki fedar da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce. Har sunsuna ta ya yi. Ni dai ina kallon idonsa, ido kuwa bai iya ƙarya irin ta tela ba.

"Ba nauyi," ya ce. "Abin kirki ba ya rasa nauyi."

"Shi ya sa kake da nauyin kai."

"Fentin ma na motar yara ne. Ga ƙujewa a gefe, wani ya taka ta ya gaji ya yar. Kwance aka yi miki, 'yar Kawu."

"Kwancen jirgin ruwa ya fi sabon shagonka."

"Ni shekara nawa ina taka feda a shagon nan, ban taɓa kai ta unguwa ina nunawa ba."

"Taka tana haifar riguna marasa wuya. Tawa tana haifar tafi. Janyo min sifika, bawa, ina da kai biyu suna jira na a shago."

Sifikar ƙungiya a ƙarƙashin teburin Tela take kwana, shi ya sa dole ta zo wurinsa. Bai motsa ba. Ita ta durƙusa ta janyo ta, ta kakkaɓe guntayen zare da ke kanta, ta jona wayoyi, ta rataya jita. Ta gyara tsayuwa kamar ana ɗaukarta hoto, ta taka fedar. 'Yar jar wuta ta kama. Ta daki tsirkiya.

Shiru.

Ta sake duka. Shiru, sai ɗan ƙiris-ƙiris na tsirkiyar kanta.

"Masha Allah," Tela ya ce. "Wannan zakin kurma ne ko azumin magana yake?"

"Sifikarka ce ta mutu."

"Sifikar ta ga baƙuwa ne tana jin kunya. Mai Aski, ka ji gurnanin? Ni tsufa ya fara taɓa min kunne."

Na ce ni ma ban ji ba, amma wataƙila irin gurnanin nan ne na cikin zuciya.

Firit ta harare ni, ta durƙusa ta duba. Ashe wayar jita ta sa a ramin fita, ta sifika kuma a ramin shiga. Tela ya gani tun farko, ya bar ta.

"Ka gani ka yi shiru," ta ce.

"An tambaye ni? Bawa ba ya magana sai an ba shi izini."

Ta sauya wayoyin. Kafin ta miƙe sai ta kama maɓallan nan uku ta murɗe kowanne har ƙarshe, har sai da ya ƙi tafiya.

"Me kike yi haka?" Tela ya tambaya.

"Abin da aka aiko daga nesa ba a cin rabinsa. Wannan na ƙara, wannan na kaifi, wannan na gurnani. Duka nake so."

Ta taka.

Ni dai ban san lokacin da na tsinci kaina a tsaye ba. Wata irin kuwwa ce ta fito daga sifikar nan, siririya, tsiiii, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta haƙori. Almakashin Tela ya yi rawa a kan tebur. Wata mata da ke wucewa da yaro a baya ta tsallaka titi ba ta duba mota ba. Firit ta daki tsirkiyoyi don ta danne kuwwar, sai abin ya koma kamar an zuba ƙudan zuma a gwangwani aka jijjiga. Ta kaɗa sama, ta kaɗa ƙasa, duk murya ɗaya ce, ba ka bambance wannan da wancan.

Ta ɗauke ƙafa. Shagon ya yi tsit.

Tela ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a kan tumbi. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun ranar da telan ƙarshen layi ya tashi.

"To," ya ce. "An nemi ra'ayina?"

"Ba a nema ba."

"Zan bayar sadaka. Na ɗaya, wannan ba zaki ba ne, injin niƙa ne da aka jefa wa cokali. Na biyu, in kika kai ta gwaji, Mai Ganga zai ba ki tsakiyar titi, ba tsakiyar waƙa ba. Amma tana da amfani. Ki kai wa Kawu ya riƙa korar ɓeraye."

"Hassada ce ke cinka."

"Hassadar me? Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya. Muryar jita a yatsu take, ba a gwangwani ba."

"To in a yatsu take, me ya hana ka ba Mai Ganga gurnanin da ya nema? Sati guda kana matse tsirkiya a nan kana fitar da kukan mage. Mai Aski na ji ta bango."

Na ce ni ba na shiga faɗan dangi, amma gaskiya magen unguwa sun yi ta zuwa tambaya.

Tela bai yi dariya ba. Maganar ta same shi a inda yake ciwo. Ya ja yadi ya sa a ƙarƙashin allura, ya ɗinka wani layi da na tabbata sai ya farke shi daga baya.

Firit ta sake durƙusawa. Ta rage na ƙara, kuwwar ta ragu amma ƙudan zuman suna nan. Ta rage na kaifi gaba ɗaya, sai ya zama kamar ana kiɗa a ƙarƙashin bargo. Ta mayar da shi, haƙora suka sake amsawa. Na gurnani kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba, don a ganinta shi ne dalilin zuwan fedar duniya. Tun tana murɗawa da gadara har ta koma murɗawa da addu'a. Zufa ta tsattsafo mata a hanci. Na ga ta dubi agogon bango sau biyu.

"Ɗan Gwaggo," ta ce daga ƙarshe.

"Ba ya nan."

"Taso ka gyara."

"In gyara wuƙar da za a yanka ni da ita? Ko rago ba ya wasa wa mahauci wuƙa."

"Umarni nake ba ka. Ɗan mace ba ya musu da 'yar namiji."

"An 'yanta ni jiya da yamma, takardar tana wurin Mai Aski."

"To shi ke nan. Zan je in gaya wa Gwaggo cewa ɗanta yana tsoron akwatin da bai kai sabulu ba. Zan kuma gaya wa Mai Ganga ka duba ta ka kasa gane kanta."

"Wa ya kasa?"

"Kai. Kunnen da ake ta yabo ashe na riƙe tabarau ne."

Tela ya ture kujera ya miƙe. Ya zagayo a hankali, yana gyara tef ɗin awo a wuyansa.

"Ba don ke ba," ya ce. "Don kunnen maƙwabta. Juya ki ba sifika baya. Kina tsaye gaba da gaba da ita, jita na jin muryar kanta tana maimaitawa, shi ne kuwwar. Fuskanci ƙofa. Ki kalli Mai Aski, in kin iya jurewa."

Wannan kam gaskiya ya gaya mata, don tana juyawa ta kaɗa, kuwwar ta ɗauke. Amma tana ba shi baya ya durƙusa a gaban fedar, ya ɗago ya kashe min ido ɗaya. Ina kallo ya kama maɓallin gurnani ya murɗo shi baya, baya, baya, har ya kusa kashe shi, ya bar ɗan kaɗan don kada ta ce ya kashe. Ya kama na kaifi ya sauke shi ƙasa da rabi. Nufinsa a fili yake kamar ƙwai a faranti. So yake fedar ta zama ba ta da wani tasiri, ta je gwaji ta taka, Mai Ganga ya ce ina gurnanin, a bar wa mai wuri wurinsa. Sai kuma ya ɗaga na ƙara sosai, don in za a ji kunya kowa ya ji.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Bismillah. Iyakar ƙoƙarina ke nan. Abin da ya lalace tun daga jirgi ba tela ke gyara shi ba."

Firit ta ja numfashi, ta ɗora yatsu, ta fara tsakiyar sabuwar waƙar.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san sunan abin da na ji ba. Amma ka san muryar mutumin da ya sha kuka ya gaji, sannan ya buɗe baki ya yi waƙa? To ita ce. Akwai kaushi a gefenta, amma kowace tsirkiya tana faɗin sunanta daban. In ta taɓa a hankali sai muryar ta yi laushi, in ta daka sai ta yi gurnani daga ƙirji. Ta riƙe wata murya guda ta sake ta, muryar ta ƙi mutuwa, ta tsaya a cikin shagon tana lilo. Mai gyaran babur na gaba da mu ya fito da sifana a hannu ya tsaya.

Na dubi Tela. Bakinsa a buɗe, tef ɗin awo ya zame daga wuyansa ya faɗi bai sani ba.

Firit ta tsaya. Ta juyo a hankali, idonta kamar an kunna fitila.

"Kai! Me ka yi mata?"

"Na… gyara," Tela ya ce, muryarsa kamar ta wanda ya haɗiye maɓalli.

Ta sunkuya ta dubi fedar. Ta dubi inda maɓallin gurnani ya koma. Ta ɗago ta dube shi, ta sake duban maɓallin.

"Ka rage shi."

"Ai haka ake yi. Duk masani ya san haka. Gishiri in ya yi yawa…"

"Ka rage shi har ya kusa mutuwa."

"Ilimi ke nan."

"Mai Aski," ta ce, ba ta ɗauke ido daga kansa ba. "Tsakaninka da Allah. Lokacin da na juya baya, fuskar gyara ya yi ko fuskar mugunta?"

Na ce ni aikina ƙeya nake kallo ba fuska ba. Amma dai na ga ido ɗaya ya rufe, wataƙila zare ne ya faɗa masa.

Firit ta saki wata dariya har sai da ta dafa tebur.

"Wayyo cikina! Kashe ta ka je yi! Ka je kashe ta ka raya ta! Ɗan Gwaggo, ba a gaya maka ba, in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere?"

"Ƙarya kike. Da niyya na yi."

"Da niyya kam, ai na ga niyyar. Hassada ga mai rabo taki ce. Zo in shafa kanka, takina."

"Matsa, ban gama ba. Akwai sauran gyara kaɗan." Ya sunkuya yana miƙa hannu wajen maɓallin.

Ta sauke takalminta dab da yatsunsa, ƙwas.

"Taɓa ka gani. Yau sai ka yi ɗinki da haƙori."

Ya janye hannu. Ya koma ya tsaya jikin tebur, yana kallon ɗan akwatin nan ruwan lemo kamar yaron da aka hana shiga wasa. Ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ya ce fentin dai har yanzu bai yi masa ba. Ya ce irin waɗannan batir suke sha kamar ruwa, tana tsakiyar waƙa zai mutu. Ya ce yayan nata ma tun yana yaro ba ya iya zaɓen abu. Firit ba ta kula shi ba, ta sake ɗaukar waƙar daga farko. Ta tafi lafiya har kusa da ƙarshe, inda ake tura tsirkiya sama da yatsa har muryar ta hau ta kai wani wuri. A nan ta tura, muryar ta hau ta tsaya a rabin hanya, kamar mai hawan bene da kaya. Ta sake. Ta sake tsayawa a wurin. Fedar kuwa ba ta rufa mata asiri ba, ƙara bayyana kuskuren ta yi.

"A'a," Tela ya ce, ransa ya ɗan dawo. "Zakin ya yi tuntuɓe."

"Yatsana ne ya gaji. Jiya kai huɗu na kitsa."

"Kawo in ji."

"Ka ji me?"

"In ji ko sifikar ƙungiya ba ta ji ciwo ba. Amana ce a hannuna."

"Ka ce dai yawunka ya tsinke."

"A kan gwangwani? Allah ya kiyaye."

"To roƙe ni."

"Uwargijiya," ya ce da sauri, kamar mai haɗiyar magani, "kawo."

Ta cire jitar ta miƙa masa tana murmushin nasara. Da ta san abin da zai biyo baya da ba ta miƙa ba.

Tela ya rataya, ya ba sifika baya, ya cire takalmi ɗaya, ya taka fedar da babban yatsa a hankali kamar mai gwada zafin ruwa. Ya fara.

Jitar ɗaya ce, fedar ɗaya, ko maɓalli ba a taɓa ba. Amma abin da ya fito daban ne. In na Firit mutum ne da ya yi kuka ya gaji, na Tela mutumin ne yake ba ka labarin abin da ya sa shi kukan. Da ya zo wurin da ta tsaya, ya tura tsirkiyar, muryar ta hau har ƙarshen benen, ta tsaya a can tana rawa, sannan ya sauko da ita a hankali ya ajiye. Idonsa a rufe. Mai gyaran babur ya ce, "Kai!" da ƙarfi, ya koma shagonsa yana girgiza kai.

Yanzu kuma fuskar Firit ce abin kallo. Dariyar ta tafi. Ta kalli yatsunsa, ta kalli nata, ta ɓoye su a bayanta.

"An ji," ta ce. "Sifika lafiyarta ƙalau. Ba ni kayana."

Bai ba ta ba. Ya buɗe ido yana kallon fedar.

"Ara min ita yau da yamma," ya ce. Babu wasa a muryar. "Ke ki taka, ni in taka. Mai Ganga ya zaɓa. Ai adalci ke nan."

Mu ukun mun san abin da Mai Ganga zai zaɓa in ya ji abin da muka ji. Firit ta buɗe baki, na zaci zagi ne zai fito, don ba ta taɓa rasa shi ba. Sai ta rufe. Ta tsuguna ta fara naɗe ragowar waya a hannunta, tana naɗewa tana warwarewa.

"Yaya," ta ce, ƙasa-ƙasa. A iya sanina ba ta taɓa kiransa haka ba. "Kai kullum kana gaba. Ni tun da na shiga ƙungiyar nan ƙeyarka nake kallo. Ko Mai Aski bai san ƙeyarka kamar ni ba." Ta ajiye wayar. "Amma in ka ce a kawo, zan kawo. Kai ka koya min."

Tela ya tsaya da jita a wuya. Ya shafa tsirkiyoyin da tafin hannu suka yi shiru. Ya daɗe yana kallon 'yar jar wutar nan, har na fara tunanin ko in koma shagona, amma ƙafata ta ƙi.

Can sai ya ja tsaki mai tsawo, ya cire jitar ya rataya mata a wuya da ɗan ƙarfi.

"Wa ke son kayan aro? In taka gwangwanin 'yar Kawu a gaban mutane, gobe a ce da taimakonki na ci? Har in mutu ba za ki bar ni in sha ruwa ba. Miƙo hannun."

"Me za ka yi da shi?"

"Miƙo, na ce. Dubi, yatsu kamar tsinken tsintsiya. Da yatsa ɗaya kike tura tsirkiya, shi ya sa take tsaya miki a hanya. Sa uku. Wannan a gaba, biyun nan su tura shi daga baya. Ƙarfin daga wuyan hannu yake zuwa, kamar kina murɗa makulli. Tura."

Ta tura. Muryar ta hau, ta yi ɗan gargada, ta kai.

"Sake."

Ta sake, ta kai.

"Mummuna," Tela ya ce. "Amma Mai Ganga rabin kunnensa ganga ta cinye, ba zai gane ba."

"Ɗan Gwaggo…"

"Kar ki fara. In kika yi min godiya sai na fasa."

"Wa zai gode wa bawa don ya yi aikinsa? Cewa zan yi, in na tsaya a gaba yau, ka riƙa rakiya a hankali, kada ka rufe min murya."

"Ji ta! Ba a ba ta ba tukuna har ta fara rabon aiki."

Ya jawo aljihun keken ɗinki, ya ɗauko farin allin da yake zana yadi da shi. Ya durƙusa a gaban fedar yana nishi, ya ja ɗan layi a jikin ƙarfen daidai inda kowane maɓalli ya tsaya, ɗaya, biyu, uku. Ya busa ƙurar allin, ya zare waya, ya ɗauki fedar, wannan karon da hannu biyu. Ya ɗan riƙe ta fiye da yadda ya kamata kafin ya sa mata a jaka ya ja zif.

"In ta motsa a hanya, ki mayar kan layin," ya ce. "Kuma daga nan har yamma kada ki ajiye jakar nan a ko'ina. Kada ki bari kowa ya taɓa maɓallan nan."

"Har Mai Ganga?"

Sai dariya ta ƙwace masa, ya tura ta waje da kafaɗa.

"Mai Ganga me ya sani? Ni nake nufi. Kada ki bari in matso kusa da ita, na san halina."